Wasiƙa zuwa ga Ma'aikatar Magajin Garin Matameye

Ranki ya daɗe, uwar hatimi,

Bayan gaisuwa da fatan kin wuni lafiya, ke da tutarki da tulin takardun haihuwar da ke cikinki.

Na zo da ƙorafi ne, amma bari in fara da jaje. Ofisoshin gunduma suna garinki, su parfe da jami'ansa duk nan suke shan iska, amma sunan gundumar sai aka ba Kance. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Kada abin ya dame ki. Kance tana da sarki da fada tun kaka da kakanni, ke kuwa sai a 2004, da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, kika samu zaɓaɓɓun kansiloli. A Afrilun 2024 sojoji suka rushe majalisun ƙananan hukumomin ƙasar baki ɗaya, aka naɗa kantomomi. Masu kujera na zuwa suna tafiya, ke kina nan.

To, ga ƙorafin. Wa ya faɗa wa gidajen gwamnati cewa daraja sai da siminti da kwano? Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ya san shi da dankalin da ke cikin tanda 'yan uwa ne. Ki daure ki leƙa unguwar Birni a Damagaram, ki ga aikin magina. Tubali ake jerawa, katanga mai kauri daga ƙasa tana sirancewa sama. A shimfiɗa azara, a yaɓe da makuba, a sa indararo ya kai ruwan sama nesa da bango, zankwaye kuma su tsaya a kusurwa. Mutum ya shiga zaure da azahar ya ji sanyi, babu fanka, babu jiran wutar Nigelec. Na san za ki ce ginin ƙasa sai da yaɓe kowace shekara. Gaskiya ne. Ai fenti ma ba kyauta yake zuwa ba.

Ban ce ki rushe komai ba, Allah ya kiyaye. Roƙona ɗaya ne: ranar da za a yi miki ƙari, a kira maginan gargajiya su yi miki zaure, inda manomin rake da ya zo neman takardar ɗansa zai kwance rawani ya huta kafin a buga hatimi. Kuɗin harajinsa ne dai.

A gaida mai gadi.

Naki,
Wani mai biyan haraji