Babba Ba Ya Gudu a Bonkuku

A wayar ɗan yayana na ga abin, muna rumfar mai shayi bayan la'asar. Mutane ne maza da mata a tsibirin Hawai na Amurka, suka faɗa teku da sassafe. Suka yi iyon kilomita 3.8, suka fito ruwa na ɗiga suka haye kekuna har kilomita 180, suka sauka suka kama gudun kilomita 42. Ba wanda ya koro su. Gasar Ironman ke nan, wadda mutum 15 suka fara a 1978, 12 suka kai ƙarshe. Awa 17 ake ba mutum, in ya gota da minti ɗaya ya sha wahalar banza.

Kilomita 180 ɗin nan ta ja hankalina. Kusan nisan Yamai zuwa Filinge ke nan, hanyar da ta ratsa garinmu Bonkuku, wadda ko a mota ka bi ta sai ka sauka dafe da ƙugu. Can sai ga wani mai furfura, da gani ya girme ni, ya ƙaraso yana murmushi. Na ce wa mai shayi, "Wannan ai ba wani abu ba ne." Ya dubi tumbina, ya ce, "Malam, a ƙara sukari?"

Ina da hujjata. Hamadou Djibo Issaka, mai aikin lambu a Yamai, wata uku ya yi yana koyon tuƙin kwalekwale, ya je Olamfik ta Landan a 2012. Na ƙarshe ya zo, amma sai da ƴan kallo suka yi ta tafa masa. Ni ma lambu gare ni, na dankalin turawa.

Sai na ce bari in gwada. Iyo ne farko. Bonkuku tana cikin Dallol Boso, kwarin kogin da ya ƙafe tun kafin kakannin kakanninmu. Ruwan yana nan ƙarƙashin ƙasa, kaɗan za ka haƙa ka same shi, shi ya sa dankalinmu ke cika kasuwannin Yamai. Sai dai rijiya ba ta iyuwa. Na nufi wani tabkin da damina ta bari, ruwa iya gwiwa, na kwanta rub da ciki ina ta bugun hannu, tumbina yana sharar laka. Da na ɗago, ga wani yaro Bafillace jingine da sandarsa, shanunsa sun jeru suna kallona. Ya ce, "Baba, in ka gama wankan za su sha."

Keke kuwa na ƙanena na ara, na ce ranar Lahadi zan taka shi zuwa Baleyara. Uwargida ta ji. "Tunda dai ranar kasuwa ce, Malam," sai ta ɗaure mini buhun dankali a baya. Maƙwabciya ta rataya zabi biyu a kan keken. Ban yi nisa ba sarƙa ta zame, taya ta bi bayanta. A kan amalanken jaki muka shiga Baleyara, ni da keken da zabin.

Saura gudu, wanda na ɗauka shi ne mai sauƙi tunda ba ya son aro. Bayan sallar asuba na naɗe ƙafar wando, na fito da gudu. Abin da ban lissafa ba shi ne, a ƙasarmu magidanci ba ya gudu sai da dalili, balle a wannan zamani da kowa ke barci da kunne ɗaya. Wata mata da ta taso daga rijiya ta gan ni, ta saki tulu ta kwarma ihu. Kafin in kai bakin gari na ji ƙasa na girgiza a bayana. Na waiga: maza da sanduna, mata da goyo, wani saɓe da akuya. Ganin haka ni ma tsoro ya kama ni, na ƙara wuta.

Wani dattijon unguwarmu, wanda kullum da sanda yake zuwa masallaci, shi ya cim mini, har ya ɗan wuce ni sannan ya juyo. "Su wane ne? Su nawa ne?" Numfashi ya ƙi bari in amsa, sai nuni nake da hannu, jama'a kuwa suna bin hannun da ido. Da ƙyar na ce, "Baba, motsa jiki nake." Aka yi tsit. Mai akuya ya sauke akuyarsa. Dattijon ya ce, "To ka motsa gari."

Na biya kuɗin tulu. Da dare ɗan yayana ya zo da sauran bayani: kuɗin rajista kaɗai ɗaruruwan dalolin Amurka ne, ban da jirgi, ban da keken da ya fi sa tsada. Uwargida tana kwasar tuwo ta tsaya cak.

"Su ke biya, ko su ake biya?"

"Su ke biya, Inna."

Ta ci gaba da kwasa. "Gobe da asuba akwai ban ruwan dankali, Malam. Ko dala ba zan karɓa ba."