Ruwan hoda ne ko ruwan albasa?

A unguwarmu ba a fitar da anko a rabu ba gardama. Kuɗin atamfa kowa ta san yadda za ta yi da shi, launi ne abin faɗa. Uwar amarya za ta aiki yarinya gida-gida da ƙyalle, a ce ga abin da za a sa ranar kamu. Kafin ƙyallen ya fita daga layi ya sami suna uku.

"Yaya, ai wannan ruwan hoda ne."

"Haba ke kuwa, ruwan hoda ina? Kawo shi haske ki gani, ruwan albasa ne."

Sai Inna daga bakin murhu ta ɗan leƙo ta ce, "Ku ce ja ku huta mana."

Inna tana kan hanya. A bakinta da na sa'o'inta launi uku ne manya: fari, baƙi da ja. Man ja muke cewa, alhali in ka zuba shi a faranti ya fi kusa da ruwan goro. Akuyar Sakkwato da ta Maraɗi, wadda ake ji da fatarta a kasuwar jima, jar akuya ce a wurinmu. Bature yana kiran kansa fari, mu kuwa jar fata muka sa masa, domin "fara" mun ajiye wa 'yarmu mai haske, in ta ɗan sirka mu ce wankan tarwaɗa. Rawanin da aka rina da baba har ya ƙoshi, aka buge shi yana walƙiya, shuɗi ne mai duhu, amma baƙi muke kiransa. Ukun nan ne kuma muka shigar har cikin zuciya: farin ciki, baƙin ciki, jan hali.

Sauran launukan yawanci daga tsakar gida muke ɗebo su. Muna da kore da shuɗi da rawaya, amma da zarar an so bayani sai a koma wa "ruwan": ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan zuma, ruwan ƙwai, ruwan makuba, ruwan bula. Har da ruwan omo, wanda sai da garin wankin ya shigo kanti aka haifi sunan. Ni wannan ɗabi'a tamu tana burge ni ƙwarai. Duk wanda ya taɓa ɓare ɗorawa garin ya maƙale masa a yatsu, ba ya bukatar wani ƙarin bayani in an ce masa ruwan ɗorawa.

A majalisarmu ta bayan la'asar wani malamin makaranta ya taɓa cewa wannan alamar ƙarancin kalmomi ce, Hausa ba ta kai Turanci ba. Aka yi masa caa. Abin da masana suka gano bai goyi bayansa ba. A 1969 wasu malamai biyu a Amurka, Brent Berlin da Paul Kay, suka fitar da littafi bayan sun duba harsuna 98. Suka ce in harshe yana da manyan sunayen launi biyu kaɗai, to na haske ne da na duhu. In uku ne, na ukun ja ne. Daga nan kore da rawaya, sannan shuɗi. An yi ta yi wa wannan tsari gyara da suka daga baya, amma matsayin fari da baƙi da ja bai girgiza sosai ba. Ashe abin da Inna ke yi a bakin murhu tsohuwar al'adar 'yan Adam ce.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalina a majalisar ita ce ta wani dattijo mai sayar da goro. Ya ce, "Malam, to wanda bai da sunan launi, yana ganin launin kuwa?" Turawa ma sun daɗe a kan wannan. A 1858 William Gladstone, wanda daga baya ya zama firaministan Ingila, ya lura cewa Homa, mawaƙin tsohuwar Girka, yana kwatanta teku da giya maimakon ya ce shuɗi, sai ya ɗauka idon mutanen da bai gama buɗewa ga launi ba. Da ya ga Inna a kasuwa da bai faɗi haka ba. Matar da ke cewa "ja" ga komai, kai mata mayafin da bai hau zaninta ba ka gani, tun daga nesa za ta ce a mayar.

Duk da haka harshe yana da ɗan tasiri. Rashawa suna da suna dabam ga shuɗi mai haske, dabam ga mai duhu. A wani gwaji da aka buga a 2007, sun ɗan fi saurin bambance shuɗi biyu in sunayensu sun bambanta, kuma da aka shagaltar da su da riƙe lambobi a ka, saurin ya ɓace. Tazarar ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Wato suna yana taimaka wa ido, amma ba shi ke buɗe shi ba.

Inda sana'a take, nan sunaye ke yawa. Je ka marinar Ƙofar Mata a Kano ka tsaya kusa da karofi. Marini zai tsoma zane ya ɗago shi da ɗan kore-kore, ya riƙe shi a iska, kana kallo yana rikiɗa zuwa shuɗi. Ya san tsomi nawa ne zai ba shi shuɗi mai haske, nawa ne zai kai shi baƙin da Buzaye ke nema a rawanin Kura. Haka masu dawaki. Mu 'yan kallon hawan sallah fari da baƙi da ja muke gani, su kuwa kili suke gani da akawal da danda da bidi da hurde, kowane da farashinsa. Mai cewa Hausa ba ta da kalmomin launi bai taɓa zama a barga ba.

Akwai kuma abin da muke yi a Kantin Kwari ba tare da mun kira shi ilimi ba. Ba mai hankalin da zai biya kuɗin shadda a ƙarƙashin fitilar shago. Sai ya ce, "Alhaji, bari in kai ta rana." Mun san launi ba a jikin yadi kaɗai yake ba, da hannun haske, da hannun idon mai kallo. Shi ya sa hoton rigar nan da ya zagaye wayoyi a 2015, wasu na rantsuwa fara ce da ruwan zinare, wasu na cewa shuɗiya ce da baƙi, bai ba matan unguwarmu mamaki ba. Sun saba ganin anko a waya ya zo da wata fuska a hannu.

Abin da ke damuna ɗaya ne. Yaranmu suna dawowa daga makaranta da "bulu" da "yalo", ka tambaye su algashi ko tsanwa su yi zuru. Aro ba laifi ba ne, ai ruwan omo ma baƙo ne. Amma iyaye mata, ku da kuka fi kowa sanin sunayen nan, in za ku aiki yaro sayen zare, ku faɗa masa ruwan makuba ko ruwan ɗorawa, ku nuna masa makubar da ɗorawar da hannu.