Dish Ba Ya Zuwa Ci-rani

Akwai wata cuta da ke kama mu, mu da neman abinci ya kai Turai, kuma ba ta tashi sai daren da za mu koma bayan hutu. Galibin jirage jaka biyu suke ɗaukar wa mutum, kowace kilo 23, kuma a cikin wannan ɗan awon ne za a cusa kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da ɗinkin Salla. Amma sai ka ga magidanci da hankalinsa ya faki idon uwargida, ya zare ƙullin daddawa, ya tura dikoda a gurbinsa, da rimot, da kan dish naɗe cikin tsohon rawani kamar jaririn goye. Ina cikin masu wannan cutar, shi ya sa nake da bakin magana. Abin da nake so in tabbatar a nan shi ne wannan musanya asara ce tsagwaronta, kuma ba rashin iya saiti ne ke kayar da mu ba, kamar yadda muke zargin kanmu. Tun kafin a sayi tsani an riga an gama shari'ar, can sama inda babu mai jin roƙo.

Duk wanda ya zauna cikinmu ya san yadda wasan yake gudana, domin kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Ranar Asabar ce, sanyi yana yanka kunne, gogan naka yana kan tsanin aro da sifana a aljihu da waya maƙale a kafaɗa. An bar uwargida a gaban talabijin, an buɗe taga don a riƙa jin juna, zafin hita da ake biya da tsada yana ta ficewa waje. Shi ya ce, "Ya kawo?" Ita ta ce, "Bai kawo ba, Alhaji." Ya ɗan taɓa. "Yanzu fa?" "Yana nan yadda yake." Risibar tana nuna sanduna biyu, ta sama ta cika har kusan tamanin, ta ƙasa babu ko ɗigo, kuma ta saman nan ita ce ke hana mutum saukowa, alhali ba ta nufin komai illa waya ta haɗu da kan dish. A wayar kafaɗa kuma mai saitin unguwarsu ne daga Kano, gwanin da bai taɓa hawa rufi ya sauko da kunya ba, yana cewa, "Yallaɓai, ɗaga shi sama, ka karkata gabas kaɗan." Tsohuwar da ke maƙwabtaka ta ɗage labule tana nazarin ko lokacin kiran 'yan sanda ya yi. Can wajen la'asar sai ihu ya tashi daga ɗaki, "Ya kawo! Ya kawo!" Gogan ya diro har yana barin takalmi ɗaya a kan tsani, ya tarar da wata Bajamushiya tana tallar tukwane. Ya kama tauraro da gaske, sai dai na mutane ne.

Ga inda gizo ke saƙar. Taurarin ɗan'adam da ke watsa talabijin suna jere ne a saitin tsakiyar duniya, a nisan kilomita 35,786, suna zagayawa daidai da juyin ƙasa, shi ya sa suke zama kamar an kafe su. Wannan ne ya ruɗe mu: muna ganin tunda abu yana sama, ai sama ta kowa ce. To amma tauraro ba kamar rana yake ba da ke haska mai so da marar so. Tocila ce, kuma mai ita ya zaɓi inda zai dalla ta. Dikodar DStv da muke amfani da ita a Nijeriya tana sha ne daga tauraron Eutelsat da ke digiri 36 gabas, daga hasken da aka karkato kan Afirka kudu da Sahara. Daga Landan ana iya fuskantar wannan tauraro sarai, sai dai fuskarsa da ke magana da mu tana kallon wani waje, kamar ka hango surukinka a kasuwa ya ba ka ƙeya. Shawarar gwanin Kano ma gaskiya ce, amma ta Kano. A can, kusa da tsakiyar duniya, dish kallon sama yake yi, kamar mai roƙon ruwa. A Landan kuwa har tauraron Sky na 'yan ƙasa bai wuce kimanin digiri 25 daga doron ƙasa ba, don haka bishiyar maƙwabci ko bututun hayaƙinsa sun isa su tare shi. Wanda ke Amurka shi nasa ya fi sauƙi, domin babu abin da zai wahalar da kansa a kai: daga Niyok tauraron digiri 36 gabas yana ƙarƙashin ƙafarsa ne, sai dai in zai haƙa rijiya ya saita dish a ciki.

Na san abin da masu taurin kai za su ce, don ni ma bakina ya saba da shi: a ƙara girman dish. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Hasken tocila ba ya yankewa kamar an sa wuƙa, dusashewa yake yi a hankali, kuma mu 'yan Arewa shaida ne, tunda da manyan dish muka daɗe muna kamo tashoshin Larabawa da ba don mu aka haska su ba. Amma gefen haske daban, bayan gari daban. Tsakanin bakin Sahara da Ingila akwai hamada da teku da Faransa sukutum, kuma dish ɗin da zai tsinci abin da ya rage a can ya fi ƙarfin barandar gidan haya. Ko da an same shi, hukuma na jira. A Ingila dokar gine-gine ta yarda gida ya ɗora dish biyu ba tare da neman izini ba, babban kada ya wuce santimita 100, na biyun kada ya wuce 60, kuma idan ginin na tarihi ne sai an nemi izini na musamman. A Amurka ma dokar 1996 da ke kare mai dish daga takurar masu unguwa ta tsaya ne a kan mita ɗaya. Wato dish ɗin da doka ta yarda da shi ba zai kamo gida ba, wanda ake fatan zai kamo kuma sai an yi masa harsashi kamar za a gina shago.

Sai ƙorafi na biyu, wanda ya fi ciwo: to Turkawa da Larabawa fa? Duk wanda ya ratsa unguwannin baƙi a Balin ko Burasal ya ga barandu sun yi furen dish, duka sun fuskanci waje guda kamar sahun salla. Su ba su fi mu iya sifana ba. Abin da suka fi mu shi ne taurarin da ke ɗauke da tashoshinsu, irin su Türksat da Hotbird, da gangan aka haska su kan Turai, saboda mutanen da ke da asali da Turkiyya a Jamus kaɗai sun kai wajen miliyan uku, kuma mai talla yana son idonsu. Da yake haskensu yana isowa, har rigimarsu ta cancanci zuwa kotu. A 1994 kotun tsarin mulkin Jamus ta goyi bayan wani Baturke ɗan haya da mai gida ya hana shi kafa dish. A 2008 kuma kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta yanke hukunci kan wasu ma'aurata 'yan asalin Iraƙi masu 'ya'ya uku, waɗanda aka kora daga gidan haya a Rinkebi, cikin Sitokholm, don sun ƙi cire nasu. Sun gwammace su tattara komatsansu su bar garin da su rabu da tashoshin gida, kuma kotun ta ce Suwidin ta tauye musu haƙƙin samun labari. Ina jinjina musu. Amma a lura, su sun rasa gida ne saboda dish mai nuna hoto. Mu idan mai gida ya kore mu, saboda dish mai nuna tukwanen Jamus ne, kuma ban san lauyan da zai tsaya gaban alƙali da wannan ba. Masu cewa ai Nijeriya ma tana da nata tauraron, gaskiya ne, tana da shi. Na farkon an harba shi daga Caina a 2007, bayan wata 18 ya mutu saboda matsalar lantarki, wato har a sararin samaniya an ɗauke mana wuta, sai a 2011 aka harba magajinsa. Mallakar tauraro kuma ba ita ce ke kai tasha Turai ba. Sai mai tashar ya ga akwai kuɗin da zai ci a can, ya kama hayar wuri, kuma Hausawan Turai ba mu kai yawan da za mu biya wannan haya ba.

Yanzu bari in tona mana asiri, tunda mu-ya-mu ne. A gaban uwargida cewa muke yi don Arewa24 muke wannan wahala, don a riƙa ganin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da tafsirin azumi. Rabin gaskiya ke nan. Ɗaya rabin ƙwallo ne. A Ingila akwai tsohuwar ƙa'ida da ta hana nuna wasa kai-tsaye a talabijin da yammacin Asabar, daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15, don kada mutane su ƙi zuwa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Saboda haka idan Arsenal na wasan ƙarfe uku, mutumin da ke zaune a arewacin Landan, wanda in iska ta juyo yana jin ihun filin daga tagarsa, ba shi da tashar ƙasar da za ta nuna masa, alhali ƙaninsa yana kan benci a gidan kallo a Kurna, cikin Kano, yana ganin gumin kowane ɗan wasa. Magidancin da ke kan tsanin nan so yake hoton wasan da ake yi a bayan gidansa ya je Afirka, ya hau sama, sannan ya dawo masa. Kuma ko da sama ta yarda, takarda ba ta yarda ba, domin haƙƙin nuna wasa yanki-yanki ake sayar da shi, katin da aka saya don Nijeriya na Nijeriya ne. Wata mai mashaya a Fotsmot ta taɓa kai irin wannan magana har kotun Tarayyar Turai, a 2011 aka ce ba za a hana ta amfani da dikodar Girka ba. Amma hujjarta ita ce Girka da Birtaniya kasuwa ɗaya suke a lokacin, Kano kuwa ba ta taɓa shiga wannan kasuwar ba, yanzu ma Birtaniyar kanta ta fice.

Ƙorafin da ba na yi wa dariya shi ne na yara. Uba yana ganin ɗansa na amsa sallama da Turanci, kaka ta kira a waya yaro ya miƙo wa uwarsa don bai gane me ake cewa ba, dole hankalinsa ya tashi, kuma akwatin da ke magana da Hausa safe da yamma a falo ba ƙaramin malami ba ne. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai akwatin da ke rubuta E48, wato babu sigina, ba ya koya wa kowa Hausa, in ban da kalmomin da uban ke furtawa a kan tsani, waɗanda gara yaron bai iya su ba. Abin da ake nema ya riga ya shigo gidan ta wata ƙofar. Arewa24 tana da manhajarta, Labarina da Izzar So suna YouTube, labaran BBC Hausa, da tun 1957 ake aika su daga Landan zuwa gida, yau ɗan Landan ɗin ne ke kamo su a wayarsa. Intanet ma tana da nata wulaƙancin, ban musa ba. Wani shirin sai a ce ba a yarda a gan shi a ƙasar da kake ba, wani kuma yana tafe da jinkiri, har saƙon ƙaninka na "mun ci!" ya iso WhatsApp kai kuma ɗan wasan bai buga ba tukuna. Agogo kuwa babu na'urar da ta isa ta gyara shi: a shekarun da azumi ya faɗo a watan Yuni, tashar gida tana kiran sallar magariba ana ta shan kunu a hoto, mai kallo a Landan yana da sauran fiye da awa biyu rana na tsaye a kansa. Wannan kam ko dish ne ya kawo hoton, haka za a haɗiyi yawu.

Abin da kuma muke kewa da gaske, in an bi salsala, ba ya cikin dikodar. Bencin gidan kallo ne, da ƙarar janareto, da mai gardamar da bai taɓa taka leda ba amma ya fi koci sani, da salatin da ake saki gaba ɗaya idan wuta ta ɗauke ana shirin bugun fanareti. Kan dish ba ya kamo waɗannan ko a Kano, balle a Manchesta. Saboda haka, ɗan'uwa mai shirin komawa, idan daren ɗaure kaya ya zo hannunka ya fara ƙaiƙayi, ka miƙa wa ƙaninka dikodar nan da rimot ɗinta, ka mayar wa uwargida ƙullin daddawarta inda ka zare shi. Amma kada ka cike gurbin da kilishi, domin jami'an kwastan na Birtaniya ba sa barin nama daga Nijeriya ya wuce.