Alhaji Nawa-Ne Ya Je Kallon Gumaka a Abijan

Alhaji Nawa-Ne, ɗan Kasuwar Kurmi, jikan masu auna gero da mudu mai gindi biyu, barka da sauka. Labari ya iso mana Zariya cewa tun da ka dawo ba ka bar kowa ya sha iska a majalisar ƙofar gidanku ba, wai yanzu kai ɗan yawon buɗe ido ne, ka je Abijan ka kwana a otel, ka zaga gidajen tarihi. Ko ka manta da wa aka je? Tun da ka ga dama ka share sunan ubangidanka Bazazzagi, wanda ya yi maka tafinta tun daga filin jirgi har wurin mai shayi, to bari jama'a su ji ragowar.

Mu fara da otel ɗin nan na Tireshbil, wanda ba zan faɗi sunansa ba don mutanen kirki ne, kuma sun sha wahalarka. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta faɗi kuɗin kwana, kai kuma ka gyara tsayuwa ka ce in tambaye ta nawa ne gaskiya. Na ce Alhaji, a rubuce yake a bango. Ka ce to a rage maka rabi, tun da kai da asuba kake tashi, ba za ka cinye daren duka ba. Aka miƙo maka kati a madadin makulli, ka juya shi gaba da baya ka tambaya ko akwai kuɗi a ciki. Ɗan firjin da ke ɗaki kuwa ka ɗauka karamcin mai gida ne, ka kwashe lemo da gyaɗa kana ta sa wa mutanen Kwaddibuwa albarka. Ranar biya albarkar ta koma salati. Ban ga laifinka ba kan buta, wannan kam mun yi tarayya, duk Bahaushen da ya shiga banɗakin otel bai ga buta ba sai ya ji an cuce shi. Amma da ka ji cewa karin kumallo yana cikin kuɗin ɗaki, sai da masu kwashe kwanuka suka tsaya a kanka suna duba agogo. Ƙananan sabulai da takalmin wanka kuma na san inda suke: uwargida ta sami biyu, amarya uku, ana nan ana shari'a.

Ba a jima ba ka tattara ka ce iskar na'urar sanyaya ɗaki tana sa maka ciwon gaɓɓai. Ƙarya kake, ciwon a aljihu yake. Ka ja ni muka tsallaka gadar Houphouët-Boigny, wadda tun 1957 take haɗa Tireshbil da Filato, muka faɗa Ajame, gidan wani mai masauki ɗan garinku a bayan babban masallacin titin Nangui Abrogoua. Nan fa ka dawo hayyacinka. Tabarma, tuwo, hayaniyar motocin gbaka da yaran mota masu rataye a ƙofa, ga kasuwar Forum, ga kasuwar wayoyi da suke kira Black, ga tashar da ake lodi zuwa ko'ina a Afirka ta Yamma. A nan dai zan sassauta maka, don abin da ka gudu ka koma wa ya girmi otel nesa ba kusa ba. Tun zamanin da fatake ke zuwa Gwanja sarin goro, mai masauki ne ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi bashi, shi kuma ya ci la'ada. Har yau haka ake yi a Anyama, garin goron da ke arewa da Abijan. Sai dai shi mai masauki ɗan kasuwa yake sauka, ba ɗan kallo ba. Da ka ce masa yawon buɗe ido ya kawo ka, sai da ya dube ni ya tambaya a hankali ko ba ka da lafiya.

Don kada ka koma Kano ba ka ga otel na gaske ba, na kai ka Kokodi ka ga Hotel Ivoire. An buɗe shi a 1963, shekara uku bayan samun 'yancin kai, lokacin da kuɗin koko da kofi ke shigowa, shugaba Houphouët-Boigny kuma yana son duniya ta san ƙasarsa ta isa. Daga baya aka ƙara masa doguwar hasumiya, har da filin ƙanƙara aka yi a ciki inda mutane ke sulu da takalmi mai ƙarfe, a garin da zufa ke karyo wa mutum tun da hantsi. Na faɗa maka haka, ka yi shiru, na ce yau Bakano ya yi mamaki. Ashe lissafi kake yi na yawan ƙullin ƙanƙarar da za a fasa a sayar da azumi. Da na ba ka labarin otel ɗin Golf, inda Alassane Ouattara ya zauna da gwamnatinsa cikin tsaron sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya bayan rikicin zaɓen Nuwamba 2010, har zuwa Afrilu 2011 da aka kama Laurent Gbagbo, ba ka tambayi yadda aka yi ƙasa ɗaya ta sami shugaba biyu ba. Tambayarka ɗaya ce: wata huɗu da ɗoriya, wa ya biya kuɗin ɗakunan?

To mu zo kan gidan tarihin, wanda shi ne kake ta cika baki da shi. Musée des Civilisations yana ƙarshen Filato, dab da shiga Ajame. Ya samo asali ne daga wata cibiyar masu sana'ar hannu da Faransawa suka kafa a 1942, kuma a yau yana riƙe da kaya dubbai daga sassan ƙasar: sassaƙen Baule, fuskokin katako na Dan da Guro, tsuntsayen Senufo masu dogon baki, kujerun sarakai, kayan zinariya na Akan. Tun daga bakin ƙofa ka fara. Ka ce yaya za a biya kuɗin shiga kanti, alhali in an shiga ba a sayar da komai? Muna shiga ka yi arba da wata fuska mai haƙora, ka ja da baya kana a'uziyya, ka kama gefen babbar rigarka kada ta taɓa gilashi. Mai yi mana bayani yana cewa wannan ana fito da ita ne ranar jana'izar manya, waccan tana sasanta rikicin ƙauye, kai kuwa sai tofi kake yi. Ba ka saki jiki ba sai da muka iso wurin 'yan ƙananan gumakan tagulla da Akan ke auna garin zinariya da su. Da ka ji awo ne, sai ga Alhaji ya durƙusa, hanci a jikin gilashi, yana tambaya wanne ne na saye wanne ne na sayarwa. Jini ba ya ƙarya.

An gaya mana yadda aka wawushe gidan a rikicin 2011, saboda yana maƙwabtaka da hedikwatar soja inda aka yi ta ɓarin wuta, aka kwashe kayan zinariya da wasu sassaƙe masu daraja. Ka girgiza kai ka yi tsaki, na ce madalla. Sai ka ce kilo nawa.

Amma akwai inda na ga idonka ya canza, kuma zan faɗa don kada a ce Bazazzagi ba ya adalci ga bawansa. Labarin gangar Djidji Ayôkwé ne. Ita ba irin gangarmu ba ce mai fata, gungumen itace ne guda aka rarake, tsawonta ya haura mita 3, nauyinta kilo 430. Ta mutanen Ebiriye ce, masu asalin ƙasar da aka gina Abijan a kanta, kuma a da a ƙauyen Ajame take, wannan Ajamen dai da kake kwana. Da ita suke aika saƙo ƙauye zuwa ƙauye, har da gargaɗin cewa ga 'yan mulkin mallaka nan tafe neman mutanen aikin tilas, kowa ya shige daji. Da Faransawa suka gane abin da ke tona musu asiri, sai suka ƙwace ta a 1916, a 1929 aka tsallaka da ita Faransa, ta ƙare a gidan tarihin Quai Branly na Faris. Sai a watan Yulin 2025 majalisar dokokin Faransa ta zartar da dokar da ta halatta mayar da ita gida. A nan ba ka tambayi farashi ba. Cewa ka yi wannan ai amana ce aka ci, kuma wanda ya riƙe kayan mutane fiye da shekara ɗari ya kamata ya haɗo da kuɗin haya. Ka ga, ko a cikin tausayi sai da ka saka riba, amma na yarda da kai.

Abin da ya kashe ni da dariya shi ne ranar da muka koma Tireshbil, cibiyar masu sana'ar hannu da ake kira CAVA. Kai da kake tofi a gidan tarihi, sai ga irin fuskokin nan jere a rumfa, mai rumfar kuma da hula da carbi, ya dube ka ya ce, “Sannu da zuwa Alhaji, daga Kano ko?” Wallahi na ga gwiwarka ta yi sanyi. Ai ba yau aka fara ba. Hausawa, musamman na Nijar, sun daɗe cikin manyan dillalan wannan kaya a Abijan, su shiga ƙauyuka su sayo, su tara a ɗakunan ajiya na Tireshbil, su sayar wa Turawa. Wani Ba'amurke masanin al'adu, Christopher Steiner, ya zauna da su har ya fitar da littafi a kansu a 1994. Sun riga sun karanci Bature tsaf: ba ya son sabo, yana son abin da ya tsufa, ya sha hannu, ya yi dauɗa. To sai a ba shi abin da yake so. A sassaƙa yau, a shafa toka da ruwan goro, a rataye a madafa ya sha hayaƙi, bayan ɗan lokaci ya fito da kamannin abin da kakan kakan wani ya bari. Ka saurari wannan bayani baki buɗe. Ban sake jin a'uziyya daga bakinka ba. Abin da na ji shi ne, “To in mutum zai fara, jari kamar nawa?”

Daga nan sai ka zama kai ke ja na. Da ka ji cewa zanen Aboudia, ɗan ƙasar da ya zauna a Abijan yana zana yaran titi da 'yan bindiga ana tsakiyar faɗan 2011, yana kai dubban ɗaruruwan fam a gwanjon Landan, ka ƙura wa hoton ido a wayata ka ce autanka yana yin wanda ya fi wannan a bangon zaure, kuma dukansa kake yi. Na ba ka labarin Frédéric Bruly Bouabré, dattijon da ya rasu a 2014, wanda ya ƙirƙiro wa harshen Bete rubutu mai alamomi fiye da 400, yana zana su da biro da fensir mai launi a 'yan katuna, har babban gidan zane na zamani a New York ya baje aikinsa a 2022. Ka ce biro? Biro dai na naira ɗari? Ina ruwan Bakano da basira, shi dai ya ji kayan aiki da araha. Mu a Zariya tun 1958 ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta sauya zanen Nijeriya, ku kuwa kuna can kuna ƙirga ƙyalle a Kwari. Na san me za ka ce, wai mu ba mu iya bambance mace da namiji a magana ba. Faɗi, mun ji, ba yau farau ba.

Ko tarihin 'yan uwanka na Tireshbil ba ka bari na ƙarasa maka ba. Ina gaya maka cewa a titunan Tireshbil ɗin nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa na 1958 a kan samarin Nijar 'yan ci-rani, kuma ɗan dakon tashar jirgin ruwa da ya fito a ciki, Oumarou Ganda, shi ne ya zo ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972, kai hankalinka yana kan mai garba. Garba garin rogo ne da soyayyen kifi da barkono, abincin talakan Abijan, kuma ana danganta shi da 'yan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi. Ka ci kwano biyu a tsaye, ka ce duk yawon da muka yi wannan ne kaɗai wurin da mutum ke biya ya fita da wani abu a cikinsa. Ni na biya, in ka manta, jaka biyu, kuma ban yafe ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kai da ka tsallaka ƙasashe kallon kayan tarihin wasu, Gidan Makama yana nan kusa da fadar Sarki, kullum kana wuce shi a kan hanyar kasuwa, ka taɓa leƙawa? Kada ka yi rantsuwa, na san amsar. Sannan wani labari ya zo mini da ba na so in gaskata. An ce akushin kakarku ya yi ɓatan dabo, kuma an ga tsohon turmin gidanku rataye a madafa, amarya tana ta hura masa hayaƙi bisa umarninka. Alhaji, fitar da kayan tarihi daga Nijeriya sai da takardar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. In na gaske ne, kwastan su kama ka, in na jabu ne, Bature ya kama ka. Ko wanne ya faru kada ka aiko Zariya neman beli, sai ka fara biyan jaka biyun nan.