Na Samo Maka Kasuwa a Jamus

Berlin, Jamus

Ɗan Gwaggo,

Kuɗin shararka na bana na riga na tura, ka je ka karɓa, kada ka koma gaban Gwaggo kana marairaicewa wai na manta da kai. A wurin aiki an ƙara min girma, yanzu ni ke duba injunan dare, har Bature kan zo ya tsaya yana jiran in ce a kunna. Ka faɗa a majalisa da ƙarfi, musamman in wanda ya ce ba zan yi wata shida ba yana zaune.

To, ajiye kan waldar nan ka saurara, don na samo maka kasuwa.

Na sha gaya maka mutanen nan ba sa son ƙara. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe doka ce a yi shiru, ranar Lahadi kuwa yini guda ne. Ba a buga ƙusa a bango, ba a kunna injin yankan ciyawa, ko kwalba ba a jefawa a wurin tara kwalabe. Wata Lahadi na kunna na'urar markaɗe zan yi miya. Kafin tattasai ya yi laushi, maƙwabcina na ƙasa ya zuro takarda ta ƙarƙashin ƙofa, da gaisuwa a sama, da sa hannu a ƙasa, yana tuna min ranar da ake ciki. Dattijo ne mai furfura, wanda in atishawa ta kama shi a matakala sai ya riƙe ta har ya shiga ɗaki ya rufe taga. Na kai masa miyar da tuwon shinkafa, ya ci yana hawaye saboda attarugu, daga nan muka ƙulla.

Wannan dattijon ne ya ƙwanƙwasa min ƙofa da tikiti biyu, ya ce ɗansa ba zai samu zuwa ba, in raka shi kallon makaɗa. Da na buɗe ban gane shi ba. Baƙar riga, baƙin wando, takalmin sojoji, sarƙa a ƙugu. Muka shiga jirgin ƙasa, kowa a ciki baƙaƙen kaya, tsofaffi da 'yan mata da masu gemu har ciki. Na ce masa wa ya rasu? Ya ce babu kowa, Rammstein za su yi wasa.

A filin wasan Olamfik aka yi abin, wanda aka gina don gasar 1936, mai cin mutum sama da 70,000, kuma ya cika ba masaka tsinke. A bakin ƙofa dattijo ya ciro wasu 'yan robobi biyu ya miƙo min, ya ce in toshe kunne. Ɗan Gwaggo, ka tsaya ka yi lissafin nan da kyau, kai da ba ka yafe canjin naira hamsin. Mutum ya biya sama da Yuro 100 don ya ji ƙara. Sannan ya sake zaro kuɗi ya sayi abin da zai hana shi jin ƙarar da ya biya. Na duba dama, na duba hagu, manyan mutane masu digiri suna murza roba suna cusawa a kunne cikin natsuwa. Akwai mai araha ta soso, akwai mai tsada da ake auna ramin kunnen mutum a ƙera masa tasa shi kaɗai, yana ajiye ta a 'yar batta. Yara kuwa an kifa musu manyan marufan kunne irin na masu aiki a filin jirgi. Na tambayi dattijo, in dai ba a son ji, me ya hana a zauna a gida, inda shirun kyauta ne? Ya buga ƙirjinsa ya ce da nan ake ji.

Wallahi gaskiya ya faɗa. Da aka saki kiɗan, haƙarƙarina ne ya fara amsawa, sai hanjina, tuwon da na ci jiya ma sai da ya gyara zama. Ka san shagonka ranar da aka kawo wuta bayan kwana uku, yaranka duk sun tashi lokaci guda, mai yankan rodi yana yi, mai bugun ƙofa yana yi, janareton maƙwabci bai mutu ba tukuna? To a haɗa wannan a ba shi tsari, a sa ganga tana riƙe masa lokaci, shi ne kiɗan ƙarfe na masana'anta. Masu gitar lantarki biyu suna maimaita gajeren bugu guda, ba lanƙwasa ba ado, mai ganga yana sara daidai ba ya gaba ba ya baya, can gefe wani siriri yana danna na'ura yana zubo ƙarar injuna da aka naɗa aka adana. Mawaƙin, Till Lindemann, murya daga ƙasan ciki take fitowa, yana dukan cinyarsa da dunƙulallen hannu.

Ga wuta. Daga baki, daga gita, daga wasu dogayen hasumiyoyi a tsakiyar jama'a, har mu da ke nesa sai da gashin girarmu ya ji a jikinsa. Mawaƙin da kansa yana da takardar shaidar aikin wuta, don a ƙasar nan ko hauka za ka yi sai ka nuna satifiket. Shi kuwa siririn nan mai na'ura, Flake, Allah Ya ba shi haƙuri. Yana kiɗa yana tafiya a kan injin motsa jiki. Can aka turo wata ƙatuwar tukunya yana ciki, mawaƙin ya fito da kayan mahauta ya dinga hura mata wuta. Daga baya aka ɗora 'yan ƙungiyar a kwale-kwalen roba, jama'a suka riƙa miƙa su bisa kawunansu, ba ruwa ba kogi. Wasu abubuwan da aka yi a dandalin, da wasu kalmomin waƙar yanzu da nake jin Jamusanci, ba na wasiƙar da za a karanta a gaban Gwaggo ba ne, kuma ban ji daɗinsu ba. Na kau da kai.

A hanyar dawowa dattijo ya ba ni tarihin ƙungiyar. Su shida ne, duk a Jamus ta Gabas suka tashi, suka haɗu a Berlin a 1994, shekara biyar bayan faɗuwar katangar Berlin. Amma ba su suka fara irin wannan kiɗa ba. Tun 1980 akwai wasu a Berlin ta Yamma, Einstürzende Neubauten, masu kiɗa da tarkacen ƙarfe da bututu da injin huda bango. A 1984 wasu daga cikinsu suka je wasa Landan suka kama fasa dandalin da injin fasa kwalta, sai da masu wurin suka tsayar da wasan. A Amurka kuma Ministry na Chicago da Nine Inch Nails suka auri ƙarar na'ura da gita mai nauyi. Wanda zai fi burge ka shi ne Tony Iommi na Black Sabbath, ɗan Birmingham ta Ingila. Yana shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu, ya ƙera musu marufi da roba, daga baya ya sassauta tsirkiyar gitarsa don ya rage zafi, sautin ya fito da kauri. Ka ga ashe 'yan uwanka ne maƙera suka haifi abin, kai kana nan kana rabar da naka kyauta, har maƙwabta na kai ƙararka wurin mai unguwa.

Shi dattijon ma a gaban injin ya ƙare ƙuruciyarsa. Bayan haɗewar Jamus a 1990 aka rufe masana'antarsu, kamar yadda aka rufe da yawa a Gabas. Ya ce ranar da injunan suka yi shiru ya kasa barci. Na gan shi a filin nan yana kaɗa furfura, yana ihu har jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya cika da ƙwalla, sai na daina dariya. A gaba kuma samari suna ta karo da juna da kafaɗa, amma da ɗaya ya faɗi sai hannuwa goma su ɗaga shi. Wani ƙato da ban taɓa gani ba ya rungumo kafaɗata muna tsalle tare. Tun da na zo ƙasar nan, in ka cire masallacin Juma'a, ba a taɓa matse ni a cikin mutane haka ba, kuma ban so a tashi ba.

Da aka tashi kuwa, kowa ya zare robarsa ya goge ya mayar a batta, ya bi layi ya mayar da kofinsa a ba shi kuɗin ajiya. A jirgi tsit. Da muka iso gida dattijo ya ɗora yatsa a leɓe, muka hau matakala da sanɗa, don goma ta wuce.

Saboda haka ga shawara. Ka tara yaran shago, ka saya musu baƙaƙen riguna, a samo tsohuwar tukunyar biki ta Gwaggo a saka Ɗan Autanku a ciki. Ni zan tsaya a ƙofa ina sayar da robar kunne, riba biyu ke nan. Kafin nan, don Allah ranar da aka kawo wuta ka ajiye wayarka a kan benci ka naɗo min ƙarar shagon ta minti goma, ka turo ta WhatsApp. Kada ka ce kowa ya yi shiru. Ina son in ji mai shayi yana kiran bashinsa, da masu Keke Napep, da kai kana yi wa yara faɗa. Dattijo ya ce yana so ya ji, ni ma zan riƙa sawa a kunne ranar Lahadi.

In an samu mai zuwa, a haɗo min da daddawa da kuka da yaji. Kilishi kada ku wahala, ba a barin nama ya shigo. Ka gaida Gwaggo, ka ce maganin ƙafarta yana hanya. Ka gaida 'yan majalisa kowa da sunansa.

Naka,
Ubangidanka na Jamus