Ƙarfe Nawa, Ranka Shi Daɗe?

Wata sabuwar cuta ta ɓulla a tsakanin Batsari da Safana, kuma hannun hagu take kamawa. Alamarta ta farko, mutum ya tafi wurin tela ya ce a rage masa tsawon hannun kaftani. Daga nan sai ka ga dattijon da tun yana yaro ake maƙe masa hannu in ya miƙa abu da hagu, yau da hagun yake nuna wa baƙo hanyar Ruma, da ita yake korar ƙuda, da ita yake tallafe haɓa a taro ko da babu abin da yake tunani. In ciwon ya yi nisa, sai a mayar da abin hannun dama, yadda duk wanda ya zo musabaha zai gaisa da mutum biyu, Alhaji da agogonsa.

Agogo dai ba baƙonmu ba ne. Mun san Seiko 5 da Rado da Orient da alhazai ke dawowa da su daga Makka tare da haƙorin zinare. Mun san mai kiran salla da kansa, mun san Casio ɗin roba na malaman firamare. Wanda ake yayi yanzu daban yake: ba ya cin batir, kuma fuskarsa cike take da wani zane siriri da aka ce da hannu aka sassaƙa.

A ba mai haƙƙi haƙƙinsa, asalin sana'ar abin yabo ne. Wani maƙerin agogo, Abraham-Louis Breguet, haifaffen Suwizalan, ya buɗe shagonsa a birnin Faris a 1775, kuma shi ya shahara da yi wa fuskar agogo irin wannan zane. Har yau akwai masu yinsa yadda ya yi. Ana ɗaure ɗan farantin zinare ko azurfa a jikin wata na'ura da ba ta amfani da wuta, hannu ɗaya na murza ta, ɗayan na danna bakin ƙarfe mai kaifi, ana fitar da layi bayan layi. In hannun ya goce a layin ƙarshe, aikin kwanaki ya tashi a banza. Kuma zanen yana da dalili: yana kashe ƙyallin da ke ɗauke ido, don mai agogo ya karanta lokaci da kallo ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi a wurin ɗaurin aure.

Kuɗin irin waɗannan agogo kuwa, a watan Nuwamba na 2019 an yi gwanjon wani agogon Patek Philippe a Janeba, aka saye shi kuɗin Suwizalan miliyan 31. Jikinsa ma ƙarfe ne, ba zinare ba. Kada wanda ya ce in juya masa wannan zuwa naira, hawan jini ya riga ya yi yawa a gari.

Na gaskiyan ziyara kawai yake kawo mana. Yakan zo daga Abuja a hannun manya idan ana ɗaurin aure ko ta'aziyya, ko in zaɓe ya matso, ya koma tun rana ba ta karkata ba, don kowa ya san halin hanyoyinmu. Abin da yake bari a baya shi ne sha'awa, sha'awar kuma kasuwar Sabon Gari ta Kano ke maganinta. Can za a haɗa ka da ƙaninsa, mai suna iri ɗaya, da rubutu a ƙasan ƙarfe shida cewa a Suwizalan aka ƙera shi, alhali daga ƙasar Sin ya hau jirgi. Gane shi ba wuya. Na gaskiya yakan buga sau shida ko takwas a daƙiƙa guda, shi ya sa siririn hannunsa ke tafiya sululu. Mai arhan kuwa tsalle yake yi, ɗaya-ɗaya, sannan ƙananan da'irorin da ke fuskarsa tun da aka haife su ba su taɓa motsi ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne abincin da na gaskiyan ke ci. Akwai wani ɗan ƙarfe mai nauyi a cikinsa da ke lilo duk lokacin da hannu ya motsa, shi ke ɗaure masa wata siririyar waya da aka naɗe, ƙarfin ya riƙa sakuwa a hankali. In aka ajiye shi kwana biyu ko uku, ya sume. Wato agogo ne da ke rayuwa da wahalar hannu. Da a hannun mai noman rogo a Batsari yake, ko mai faskare a Runka, har tashin duniya ba zai tsaya ba. Sai ƙaddara ta kai shi hannun mutumin da ake buɗe wa ƙofar mota, a riƙe masa waya, a zuba masa ruwan wanke hannu. Abin da kawai ya ceci agogon nan daga mutuwa shi ne babbar riga. Duk sanda Alhaji ya wurga hannunta kafaɗa, agogo ya samu loma guda. Ranar da ya sa kaftani, azumi ake yi.

To, mu je ɗaurin aure. Katin gayyata ya ce ƙarfe 11:00 na safe. Liman ya zauna, waliyyai sun zauna, goro da alawa na cikin leda, maroƙi ya yi kirari har muryarsa ta dushe. Mai Casio ya zo tun goma da rabi, shi ya taya shimfiɗa tabarmi. Ƙarfe sha biyu ta gota, wan ango ya koma gefe ya buga waya.

"Ranka shi daɗe, ku kaɗai ake jira."

"Ga ni nan, na ma kusa."

A bayan muryar kana jin ƙarar bokiti da kwarar ruwa. Sai an idar da azahar motar ke tsayawa. Alhaji ya fito, ya janye hannun riga a hankali, ya dubi agogo ya tsuke fuska, wai shi ne aka ɓata wa lokaci. Wani yaro marar wayo ya matso ya durƙusa.

"Baba Alhaji, ƙarfe nawa?"

Alhaji ya zuba wa zanen Breguet ido. Lambobin na Romawa ne, sanduna da gicciye, hannuwan kuma tun Talata suke tsaye a kan huɗu da minti ashirin. Ya numfasa, ya laluba aljihu, ya ciro waya ya duba. Sannan ya ce wa yaron ya tashi ya ba manya wuri.

Babu wanda ya ga laifinsa, kuma nan ne gizo ke saƙar. A wurinmu makara daraja ce. Talaka in ya makara ba shi da tarbiyya, babba in ya makara ayyukan al'umma ne suka sha kansa. Wanda ya zo a kan lokaci ma kallon marar abin yi ake masa, a ce da ma shinkafar yake jira. Don haka tsadar agogo da tsawon jira tare suke hawa. Muna yi wa agogo kirari da sarkin aiki, amma wanda ya fi tsada a cikinsu hutu ya zo yi.

Masu ƙera shi can suna ta kai ruwa rana a kan daƙiƙoƙi. Kafin a ba agogo shaidar ƙwarewa a Suwizalan, sai an tabbatar ba ya yin baya fiye da daƙiƙa 4 ko gaba fiye da 6 a yini. Tun da Seiko ya fito da na batir a 1969 ma aka gama wannan gasa, domin Casio F-91W na 1989, na hannun malamin firamare, kuskurensa bai wuce daƙiƙa 30 a wata ba. Amma me daƙiƙa shida za ta yi wa mutanen da ma'auninsu shi ne "da hantsi", "bayan la'asar", "in an sauko Juma'a"? Bayan la'asar ɗin nan fili ne mai faɗi, ya tashi daga sallame salla har kiran magariba, wani lokaci ya zarce gobe. Mai bin bashi ya fi kowa sanin faɗinsa, shi da ake ce wa "in kaka ta yi" ba tare da an ambaci shekara ba.

Kada a ce ba mu iya lokaci ba. Ku zo da azumi ku ga yadda gari guda ke sanin minti nawa ya rage a sha ruwa, a kuma tuhumi ladan in ya ƙara ɗaya. Ko a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, wayoyinmu sun koma agogo da tocila kawai, amma ban ji taron da aka fara a kan lokaci saboda haka ba.

Ranar kasuwa kuma ku bi Alhaji rumfar masu hula. Ya gama bayyana wa abokansa cewa agogon nan yana da tsada ne saboda aikin hannu ne. Ya ɗauki hular da wani ya yi makonni yana ɗinkawa da allura, idanunsa har sun fara gajiya, ya taya rabin kuɗi. Mai hula ya ce albarka. Alhaji ya ce, "Haba malam, ai kai ka zauna ka yi abinka da hannu, me ka kashe?"

Wani mai neman kansila da ya kwaikwayi ubangidansa, nasa agogon ya tsaya ana saura kwana biyu taro. Ya kai wa mai gyara, irin masu ɗan akwatin gilashi a bakin kasuwa. Dattijon ya maƙala madubi a ido, ya sa bakin wuƙa ya ɓalle murfin baya. Ciki zoben farar roba ne ya cinye wurin, sai ɗan inji a tsakiya kamar ƙwayar gyaɗa.

"Honarabul, batir ne ya mutu."

"Kai malam, wannan irin ba ya cin batir."

"To, wannan dai ya ci, har ya cinye."

Honarabul ya waiga hagu da dama, ya ce ya rage murya. Aka sa sabon batir, ya biya ba tare da ya taya ba. Mai gyara ya ja maɓallin gefe, ya janye hannun rigarsa, ya duba Casio ɗinsa, ya saita masa.