Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Python

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku duka biyar ɗin da ke zaune a kwamfutata. Jiya na ƙirga ku: ga 2.7, ga 3.8, ga 3.10, ga 3.12, sai wata da na tsinta a wani lungu, wadda har yanzu na kasa tuna ranar ɗaurin aurenmu. Hajiya, ko mata ma a huɗu aka tsaya.

Kukana guda ne. In na buɗe baƙin allon nan na kira sunanki, ban san wadda za ta amsa ba. Masana sun ce laifin PATH ne, wato jerin ɗakunan da kwamfuta ke leƙawa ɗaya bayan ɗaya, wadda aka fara tararwa ita ke da girki. To, na ji. Amma sai in aiki pip da cefane ya kai ɗakin wata, wadda ke bakin murhu kuma ta watsa mini ModuleNotFoundError, wai ita ko albasa ba ta gani ba. Sai da na koyi rubuta python -m pip, wato in miƙa wa mai girkin cefanenta hannu da hannu, sannan aka daina kwana da yunwa.

Rikicin ya samo asali ne tun Disambar 2008, da amarya ta 3 ta tare, ta ƙi jin yaren uwargida, wato 2.7. A ce su raba 3 gida 2, uwargida ta ce 1, amarya ta ce 1.5. Ko print ma, amarya ba ta yi sai an saka mata baka biyu. Aka sa wa uwargida 2015 a matsayin shekarar sallama, aka ɗaga, sai ranar 1 ga Janairun 2020 aka ba ta takardarta. Idda ta ƙare tuntuni, amma ga ta nan ba ta kwashe ko faranti ba, domin akwai wata tsohuwar manhajar wurin aikinmu da ba ta cin tuwon kowa sai nata.

Yanzu kuma kowane Oktoba sai an kawo sabuwa, a kula da ita shekara biyar a sallame ta. Ta 2023, wato 3.12, ta zo babu tukunyar distutils a cikin kayan ɗakinta, tsofaffin ayyukana suka yi ta fashewa.

Na nemo pyenv ya shiga tsakani. Shi dabararsa zama a zaure: ya tare duk wani kira, ya duba 'yar takardar .python-version da ke cikin aikin, ya tura wa wadda aka rubuta. Venv kuma ya ware wa kowane aiki madafarsa. An samu sauƙi, ban musa ba, sai dai gidan ya ƙara cika da baƙi.

Rannan haƙurina ya ƙare, na kori wadda na tarar a cikin Linux ɗin kwamfutata tun farko. Ashe ita ke riƙe da makullin sito! Rabin kayan tsarin suka bi ta, na kwana ina sake gini. Wannan kam gangancina ne.

Daga baya na ji cewa Guido van Rossum na ƙasar Holan, da ya fito da ke a 1991, ba sunan mesa ya raɗa miki ba, sunan 'yan wasan barkwancin Ingila ne, Monty Python. Da na sani tun farko, da na rage ɗaukar abin da zafi.

Don Allah, kafin Oktoba ta zagayo, ki sa baki uwargida ta kwashe kayanta. Ɗakin da za a sauke amarya babu.

Wassalam.

Naki,
Maigidan da bai san mai girkin yau ba